Neman salsalar gida a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Bahaushe bai gaji sunan dangi guda da ke bin zuriya daga kaka zuwa tattaɓa-kunne ba. Audu ɗan Mamman ya haifi Sani, Sani ya zama Sani Audu, ɗansa kuma Kabiru Sani, shi ke nan sunan Mamman ya fita daga takarda. Da boko ya zo, ɗalibai da yawa sun ɗauki sunan garinsu, abin da ya ba mu Tafawa Ɓalewa da Shagari. Don haka mutum biyu masu amsa Faskari ba lallai su haɗa jini ba. Mai neman asalinsa sarƙa zai bi: wane ɗan wane, a wace unguwa, da wace sana'a, kuma daga ina suka taso.

Wannan aiki ya zama na gaggawa a kudancin Katsina. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a waɗannan ƙananan hukumomi uku, duniya kuma ta ji sunan Ƙanƙara a Disambar 2020 da aka sace ɗalibai sama da 300. Abin da ba a cika lissafawa cikin asarar ba shi ne tsohon da ya rasu a gudun hijira da sunayen kakanni bakwai a kansa, da adakar da ta ƙone da takardun gona a ciki.

A fara da bakin tsofaffi, musamman mata. Gwaggo da kaka su ne suka san wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa. Sai dai alkunya kan hana tsohuwa kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari, za ta ce "Malam" ko "mai gidan nan". Kada a matsa mata, a tambayi wani a gefe. A rubuta sunan yanka da laƙabi tare, domin Tanko ko Jatau ko Ladi da kowa ya sani, a takarda wataƙila Ibrahim ne ko Hauwa'u. A tambayi ma'anar zanen fuskar gidan, da waɗanda ake wasan taubasantaka da su. Wayar hannu ta isa ɗaukar murya, bayan an nemi izini.

Daga nan sai takardun shari'a, kuma a ganina babu kamar littafin rabon gado. Idan alƙali ya raba dukiyar mamaci, sai an ambaci matansa da 'ya'yansa maza da mata, da gonaki da dabbobi, domin a zamanin En'e kotu na cire ushira daga gadon. Shafi guda zai iya ba ka gida sukutum, har da mata waɗanda ba a samun sunansu a ko'ina. Shari'ar iyakar gona ma haka, tana kawo maƙwabta da shaidu. Tsofaffin littattafan da Larabci aka rubuta su, saboda haka a tafi da malamin da ya iya karanta rubutun hannu irin na dā. Kotunan alƙalai sun koma kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960, ba kowane littafi ne ya tsira daga gara da ɗigar ruwa ba, amma tambayar magatakardan kotu ba ta da tsada.

Akwai kuma rajistar haraji da jangali, wadda a dā dagatai da masu unguwanni ke bi gida-gida suna rubuta magidanta. Gidajen sarauta ne wurin tambayar wannan: Sarkin Pauwa a Ƙanƙara, Sarkin Yamma a Faskari, Kogo a Sabuwa. Rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan gundumomi bayan 1903 suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma Gidan Arewa a can, da Hukumar Tarihi da Al'adu a Katsina. A lura da abu biyu. Katsina ta zauna ƙarƙashin lardin Kano, ta koma na Zariya a 1926, ta zama lardin kanta a 1934, jiha kuma a 1987, don haka fayil na iya kasancewa a ƙarƙashin kowanne. Bature kuma yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, Muhammadu ɗaya zai fito da rubutu iri uku.

'Yan'uwanmu Hausawa Kirista, waɗanda yawancinsu daga gidajen Maguzawa suka fito, suna da wata ƙofar. Cocin ECWA, wanda ya tsiro daga mishan ta SIM a 1954, da sauran majami'u suna ajiye rajistar baftisma da ta aure, inda akan sa sunan iyaye da ƙauye. Wanda kakansa ya musulunta daga irin wannan gida ma yana iya samun reshen danginsa a can, kuma babu abin kunya a zuwa tambaya.

Takarda ma tana kuskure. Shekarun haihuwa da ke cikin takardar rantsuwa yawanci kintace ne, gara a auna su da abin da tsofaffi ke tunawa, kamar zuwan jirgin ƙasa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da auduga ta jawo baƙi daga wurare da yawa. Bincike na iya tono abin da ba a so, kamar bauta ko tsohuwar rigimar gado. Wannan ba hujjar ƙirƙiro dangantaka da gidan sarauta ba ce, ba kuma makamin gori ba ne. A rubuta abin da aka samu, da sunan wanda ya faɗa, da ranar da ya faɗa. Kowace takarda a ɗauki hotonta, a tura wa 'yan'uwa biyu ko uku da ke garuruwa daban-daban, asalin kuma a naɗe a leda a ajiye inda ruwa ba ya kaiwa.