Sinadarin Kotisol da Garkuwar Jikin Kare da Kyanwa

Daga cikin hikimomin da Ubangiji Maɗaukakin Sarki ya ajiye a jikin kare da kyanwa, kamar yadda ya ajiye a jikin ɗan Adam, akwai waɗansu 'yan tsokoki biyu kusa da ƙoda, waɗanda duk da ƙanƙantarsu su ne ke zuba wa jini wani sinadari mai suna kotisol, ɗaya daga cikin waɗanda likitoci ke kira homon. Aikinsa shi ne shirya jiki ga wahala, domin idan tsoro ya auku, ko yunwa, ko rauni, sai ya ƙara sukari cikin jini, ya kwantar da kumburi, ya kuma ja wa garkuwar jiki linzami don kada ta wuce haddi.

To, amma idan ya yawaita ya daɗe, garkuwar nan sai ta raunana. Kyanwar da aka raba da gidan da ta saba, ko aka haɗa ta da muzurun da ke tsangwamarta dare da rana, sau da yawa bayan 'yan kwanaki sai a ga ta fara atishawa, kwantsa ta cika mata ido, alhali kuwa ba wata sabuwar cuta ta ɗauka ba. Ƙwayar cutar murar ce da ta laɓe cikin jijiyoyinta tun tana 'yar ƙarama, ta sami hanya yayin da damuwa ta karya mata ƙarfi. A wajen kare kuwa, musamman wanda ya manyanta, akwai larurar da ake jinginawa ga Harvey Cushing, likitan fiɗa na Amurka wanda ya bayyana ta a jikin mutane cikin 1932. Galibi sababinta ɗan ƙari ne a gindin ƙwaƙwalwa mai tilasta wa tsokokin nan aiki ba hutu, har kare ya riƙa shan ruwa ba ƙoshi, yana fitsari ba ƙaƙƙautawa, tumbinsa ya zubo, gashin haƙarƙarinsa ya kakkaɓe, ƙuraje su warke su sake dawowa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mu da hannunmu muke jawo irin wannan, ta hanyar deksametason da ire-irensa, waɗanda ba kome ba ne face kotisol na kanti, mai ƙarfin da ya ninka na jiki sau da yawa, ana kuwa samunsu a kemis cikin sauƙi. Mai kare ya ga dabbarsa na susa, ya ba ta ƙwaya, ƙaiƙayi ya lafa kafin gari ya waye, sai ya zaci ya sami waraka, bai sani ba ƙwarin ƙazuwar da ke cikin fata yanzu ne suka sami sarari. Idan an daɗe ana ba ta, tsokokin nata kan tsuke su daina aiki, saboda haka wanda ya yanke maganin farat ɗaya zai iya jefa ta cikin amai da kasala da suma, irin halin da Thomas Addison ya siffanta a Landan cikin 1855. Maganin yana da fa'ida babba a hannun likitan dabbobi, wanda ya san gwargwadonsa da yadda ake rage shi sannu a hankali.

Karya ma tana da nata haɗarin. Bayan lokacin barbara wani homon mai suna furojestaron yakan rage kariyar mahaifa, har mugunya ta taru cikinta a makonnin da ke biye, kuma allurar hana haihuwa tana ƙara wannan haɗari ga karya da kyanwa duka. Wadda aka ga ta ƙi abinci a wannan lokaci, tana yawan shan ruwa, ko ruwa mai wari yana fita daga gabanta, wajibi ne a kai ta asibitin dabbobi a ranar, domin mafi yawan lokaci sai an yi fiɗa an cire mahaifar.