Zarto da Guduma a Makarantun Zangon Kumasi

A shekarar 1987 gwamnatin Rawlings ta sauya tsarin ilimi a Ghana, ta shigar da koyon sana'ar hannu cikin manhajar ƙananan makarantun sakandare. Tun daga lokacin aikin kafinta ya samu gurbi a aji, har da makarantun unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, inda 'ya'yan Zango suke karatu.

Darasin yakan fara ne da awo. Yaro zai auna katako, ya ja layi da fensir, sannan ya ɗora zarto daidai bakin layin. Galibi da katakon wawa ake farawa, saboda yana da taushi da araha. Katakon odum kuwa sai hannu ya faɗa. Lissafin da ya gagari yaro a allo yakan zauna masa daram da zarar ƙafar benci ta gaza da rabin inci.

Babbar matsalar ita ce kayan aiki. Makarantu da dama ba su da ɗakin sana'a, sai malami ya zana guduma a allo.

Duk da haka Kumasi garin katako ne. Kafintocin unguwar Anloga da aka mayar Sokoban Wood Village suna ɗaukar almajirai, kuma Kumasi Technical Institute tana karɓar ɗaliban da suka gama ƙaramar sakandare.