Tsofaffin Gidajen Bariki Na Gusau: A Rushe Ko A Gyara?

Duk wanda ya taɓa fitowa daga Tudun Wada ko Sabon Gari a Gusau da tsakar rana cikin watan Afrilu, ya nufi unguwar G.R.A., irin wadda dattawa ke kira Bariki, ya san akwai bambanci. Da zarar ya shiga inuwar manyan itatuwa sai ya ji iska ta sauya. In kuwa ya yi dace ya shiga ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen da suka rage, sai ya tarar da sanyi ko da babu lantarki. Tambayar da ke gabanmu ita ce, me ya kamata a yi da waɗannan gidaje tun ba su ƙare ba?

A birnin New York na ƙasar Amurka, gidajen bene da aka gina kafin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ɓarke a 1939, suna cikin mafiya tsada. Attajirai na rububin samun wurin zama a irin benayen da ke titin Park da titin Fifth, kamar bene mai lamba 740 a titin Park wanda Rosario Candela ya tsara. Abin da suke saye shi ne bango mai kauri, da silin mai tsawo, da ɗakuna masu yalwa. Mu ma muna da namu gidajen na kafin yaƙin Hitila, sai dai ba benaye ba ne, kuma ba mu ɗauke su da daraja ba.

YADDA BARIKI YA SAMU

Gusau tsohon gari ne, tun zamanin jihadi Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa shi. Amma bunƙasar cinikinsa ta zamani ta biyo bayan isowar jirgin ƙasa daga Zariya a 1927, kafin a ƙarasa da hanyar zuwa Ƙaura Namoda a 1929. Jirgin ya ratso ta Funtuwa da Tsafe, saboda haka Tsafe ma ta sami tasha. Manoman ƙasar Bunguɗu da kewayenta kuwa suka riƙa ɗoro gyaɗa da auduga bisa jakuna da raƙuma zuwa kantunan Gusau. Kamfanonin Turawa da 'yan kasuwa Kwarori suka kafa rassa, aka gina gidan gurzar auduga, ma'aikatan reluwe suka zo daga Kudu. Dukan waɗannan suna bukatar masauki, amma ba a haɗa su wuri ɗaya ba.

Dalili kuwa shi ne dokar tsara garuruwa da Gwamna Lugga ya kafa a 1917. Tsarin wannan zamani ya tanadi a keɓe wa Turawa unguwarsu, a kuma bar fili mai faɗin yadi 440, watau rubu'in mil, tsakaninsu da 'yan ƙasa, ba a gina kome a ciki. Hujjar da aka bayar ita ce tsoron zazzaɓin cizon sauro, tun da a 1897 Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke yaɗa cutar. Amma abin mamaki, kuku da boyi da mai gadi suna kwana a boskwata, 'yan taku kaɗan daga ɗakin maigida. Ashe dai ba sauro kaɗai ake gudu ba. Sai bayan yaƙi, musamman bayan abin kunyar da ya auku a otel ɗin Bristol na Ikko a 1947, inda aka hana wani babban jami'i baƙar fata masauki, gwamnati ta fito fili ta yi hani da nuna bambancin launin fata a wuraren jama'a.

ABIN DA KE SA SU SANYI

Kome za a ce game da niyyar masu gidajen, dole a yaba wa tsarin ginin. An ɗaga daɓen gida sama da ƙasa domin kare danshi da gara. An yi bango mai kauri, wanda zafin rana ba ya saurin ratsa shi. An kewaye ɗakuna da baranda mai faɗi, yadda rana ba ta dukan bangon ɗaki kai tsaye. An ɗaga silin sosai domin iska mai zafi ta hau sama ta bar mazauna, sa'an nan aka sa tagogi suna fuskantar juna don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. A waje kuma aka dasa dogon yaro da maɗaci da mangwaro a fili mai yalwa.

Kada mai karatu ya zaci wannan hikima daga Ingila aka zo da ita duka. Magina Hausawa sun daɗe da sanin amfanin bangon ƙasa mai kauri da rufin soro na azara. Turawan farko ma a irin waɗannan gidaje suka zauna. Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, inda Hanns Vischer ya zauna sa'ad da ya buɗe makarantarsa a 1909, ginin ƙasa ne, ga shi nan tsaye har yau ana zuwa kallonsa.

SA'AD DA 'YAN ƘASA SUKA GAJE SU

Bayan samun mulkin kai a 1960, manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen. A wancan lokaci, a ce an ba mutum gida a Bariki daidai yake da a ce ya kai. Sai dai gidan Bature bai dace da iyalin Bahaushe ba, domin babu zaure, babu tsakar gida, kuma duk mai wucewa yana hangen baranda. Saboda haka aka ja zana ko katanga, boskwata ta koma masaukin ƙanne da 'yan makaranta daga ƙauye, lambun furanni ya koma gonar masara.

Gusau ta zauna cikin Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, ta koma Jihar Sakkwato a 1976, sa'an nan ta zama hedkwatar Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba, 1996. Daga nan ne bukatar ofisoshi da gidajen manya ta hauhawa, fili ya yi daraja. A 2003 kuma Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin biyan ma'aikata kuɗin haya maimakon ba su gida, abin da ya kai ga sayar da gidajen gwamnati masu yawa a ƙasar nan. Wanda ya mallaki irin wannan gida ya kan ga filin ya fi ginin kuɗi. Sai a rushe, a sare itatuwa, a yanka fili gida uku ko huɗu, a yi ginin bulo mai gajeren silin wanda ba ya zaunuwa sai da fanka da janareto.

INA MAFITA?

Akwai masu cewa ba su ga dalilin kashe kuɗi wajen adana abin da ke tuna mana wariya ba, alhali ga mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu suna neman ɗaki guda a Gusau, ga ƙaramin ma'aikaci yana fama da haya. Wannan magana tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar kowane gida yadda yake. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abu na farko shi ne a ƙidaya abin da ya rage, a Bariki da gidajen reluwe da tsofaffin kantuna, har da tashar Tsafe. Wannan aiki ne da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda za su iya yi, su auna, su zana, su ji ta bakin tsofaffin magina da ma'aikatan reluwe tun suna raye. Na biyu, a zaɓi kaɗan mafiya inganci a nemi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta sa su cikin kariyarta. Mutanen New York ma sai da suka yi asarar babbar tashar jirginsu ta Pennsylvania, wadda aka fara rushewa a 1963, kafin su kafa dokar kare tsofaffin gine-gine a 1965. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, ma'aikatan da ke sa hannu a kan tsarin gini su hana sare manyan itatuwa, su kuma mayar da baranda da dogon silin da tagogi masu fuskantar juna cikin tsarin gidajen ma'aikata da ɗakunan karatu.

Dā can an yi wa talaka iyaka da wannan inuwa da yadi 440. Yanzu da babu mai yi mana iyaka, abin kunya ne mu sare ta da hannunmu maimakon mu kai ta Tudun Wada da Sabon Gari. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa masu iko su duba, amin.