Ruwan Hadeja da Dausayin Nguru

Ɗalibin da ya buɗe taswirar Najeriya zai ga yawancin kogunanta sun nufi kudu, wasu su faɗa Kogin Kwara, wasu Binuwai, daga nan sai teku. Kogunan Kano da Jigawa da Yobe sun saɓa wa wannan tsari. Kogin Kano da na Chalawa suna haɗuwa su zama Kogin Hadeja. Kogin Jama'are kuma yana saukowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa jihar Bauchi. Dukansu arewa maso gabas suka dosa, su gamu kafin Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda a ƙarshen tafiyarsa shi ne iyakar Najeriya da Nijar, har ya zube cikin Tafkin Chadi. Ko ɗigo ɗaya na wannan ruwa ba ya isa teku.

Inda labarin ya fi ɗaukar hankali shi ne tsakiyar tafiyar. A sama, dutse ne a ƙarƙashin ƙasa, akwai gangara, ruwa na gudu. Da an shigo ƙasar Hadeja sai wuri ya baje, yashi da laka kawai, ga tsofaffin tuddan yashi da iska ta tara a wani zamani na fari mai tsawo. Nan kogin ke rasa ƙarfinsa, ya rarrabu gida-gida yana kewaye tuddan. A watannin Agusta da Satumba sai ya cika ya malala, ya shafe fili mai faɗin gaske tsakanin Hadeja da Nguru da Gashuwa. Ruwan saman da ake samu a Nguru bai wuce kimanin milimita 500 a shekara ba, na Jos kuwa ya ninka haka fiye da sau biyu. Ke nan manomin Nguru yana cin albarkar ruwan da ya sauka ɗaruruwan kilomita nesa da gonarsa.

Mutanen birni in sun ji an ce ambaliya, asara ce ke zo musu a rai. A wannan dausayi kuwa, malalar ruwa ita ce abincin shekara, muddin ta zo a kan lokacinta kuma ta tafi a kan lokacinta. Ana shuka shinkafa kafin ruwan ya iso. Kifi yana bin ruwan ya yi ƙwai cikin ciyawa, in ruwa ya fara janyewa masunta su tare shi. Ƙasar da ruwa ya bari da laima a zuba mata wake, ko a yi lambun albasa da barkono da alkama. Da rani ya tsananta sai ga Fulani da shanunsu. Gona ɗaya, sana'a uku ko huɗu, kowa da lokacinsa. Ruwan da ya nutse cikin yashi kuma shi ne rijiyoyin yankin ke sha. Har tsuntsaye daga Turai sukan ƙetaro Sahara su yi hunturu a nan, abin da ya sa a shekarar 2000 aka saka tafkin Nguru da mashigar Marma cikin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ta ba kariya.

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma ta Chalawa. Babu mai musun amfaninsu. Birnin Kano yana sha daga gare su, shinkafa da tumatirin Kura da Kadawa su ma daga nan suke. Sai dai an gina Tiga ana cikin farin shekarun 1970, wani farin ya biyo baya a shekarun 1980, ambaliyar da ake jira a ƙasa ta ragu ƙwarai.

Raguwar ruwa ma ba ita ce babbar ɓarnar ba a ganina, sauya masa lokaci ne. A da, kogin yakan cika da damina, ya ƙafe ƙaf da rani. Yanzu madatsa tana riƙe na damina, tana sakin kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani, magudanan ba sa bushewa. Wannan shi ne abin da ciyawar kachala ke so. Tsayinta ya fi na mutum, saiwarta na cuɗewa a ƙarƙashin ruwa, a yanke ta yau gobe ta sake tsirowa. Ta cinye gonaki, ta hana kwalekwale wucewa, ta tare laka har magudana ta toshe. Ruwan da ya rasa hanya sai ya kwanta a gonakin wasu shekara da shekaru, alhali na gaba da su suna kukan ƙishi. A cikinta kuma tsuntsayen jan baki ke kwana, da asuba su faɗa wa shinkafa da gero.

Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, mutanen Yobe da Borno ke ɗaga murya, domin shi ne babban kogin da ya rage yana kawo musu ambaliya yadda aka saba.

Yashe magudanai da sare kachala aiki ne mai kyau, amma in ba a gyara yadda ake sakin ruwa ba, za a yi ta maimaita shi ne kowace shekara. Hukumar raya kogunan Hadeja da Jama'are ce ke riƙe da makullin Tiga da Chalawa. Ya kamata ta zauna da manoma da masunta da makiyayan Jigawa da Yobe, a tsayar da lokacin sakin ruwa mai yawa da damina, da lokacin da za a bar magudanan su bushe da rani.