Amarya Tsakanin Gida Biyu

Garin Filinge yana cikin jihar Tilaberi, wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Yana bakin Dallol Boso, wani tsohon kwari mai faɗi inda ruwan rijiya ba shi da nisa. Ƙasar da ke kewaye da garin sunanta Kurfai. Mutanenta su ne Kurfayawa, harshensu Hausa. Kudu da su akwai Buzayen Imanan, babban garinsu Bonkuku, da Zabarmawan Tondikandiya, babban garinsu Damana. Fulani kuma suna kiwo cikin kwarin.

Mutanen da ke cin kasuwa ɗaya, suna shayar da dabbobinsu a rijiya ɗaya, ba su rasa auren junansu. Sau da yawa saurayi Bazabarme yakan nemi ɗiyar Kurfayawa. Gidan amarya yana da al'adarsa, gidan ango yana da tasa. To, yaya ranar buki takan kasance ga amarya?

Tun kafin ranar, tsofaffin mata na gidajen biyu sukan zauna su shirya. Wa zai yi wa amarya wanka? Da wane zane za a lulluɓe ta? Makaɗan wane gida za su fara? Waɗannan ba ƙananan tambayoyi ba ne. Idan aka bar al'adar gida ɗaya, mutanensa za su ce an raina su. Baƙi sukan watse bayan buki, amma amarya tana nan zaune cikin dangin mijinta. In akwai fushi, a kanta zai sauka. Shi ya sa gwaggonta takan yi ƙoƙari kowane gida ya sami rabonsa.

Ranar buki, amarya tana cikin ɗaki tare da ƙawayenta. An riga an sa mata lalle a hannu da ƙafa. Kanta a rufe yake, ba ta fita, ba ta ɗaga murya.

A ƙofar gidan ubanta maza sun taru bisa tabarmi. Wakilin ango ya nemi aure, waliyyin amarya ya bayar. An faɗi sadaki a gaban shaidu. Liman ya yi addu'a, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. A nan babu bambanci tsakanin gidajen biyu, domin duka Musulmi ne. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Nijar, mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari. Sadaki kuwa haƙƙin amarya ne. Abu ɗaya ne kawai ya bambanta, wato harshe. Saboda haka akan sami dattijo mai jin Hausa da Zabarmanci ya maimaita maganar, don kada wani ya ce bai ji ba.

Amarya ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Guɗar mata ce takan gaya mata an ɗaura. Da jin guɗar, sai ta fashe da kuka. Ba ƙin mijin ne ke sa ta kuka ba. Ta san daga yau gidan da aka haife ta ya zama gidan da za ta riƙa zuwa ganin gida.

Da rana gida ya cika. Maroƙan Kurfayawa suna kaɗa kalangu, suna yi wa dangin amarya kirari. Mutanen ango kuma, in gidan sarauta ne, sukan zo da nasu maroƙi. Ana kiransa jasare. Yana kaɗa molo, yana lissafa kakannin ango ɗaya bayan ɗaya da Zabarmanci. Daga cikin ɗaki amarya tana jin sunayen mutanen da ba ta taɓa sani ba. Su ne kakannin ƴaƴan da za ta haifa.

Wajen abinci babu wahala, gama gidajen biyu gero suke nomawa. Abin da Bahaushe ke kira tuwo, Bazabarme hawru yake ce masa. Fura, wadda Kurfayawa ke cewa hura, ita ce doonu a Zabarmanci. Suna biyu, ƙwarya ɗaya.

Da maraice wata tsohuwa ta yi wa amarya wanka, ta turara ta. Aka kai ta gaban ubanta da uwarta, ta durƙusa. Suka yi mata nasiha: ta yi haƙuri, ta girmama surukanta, ta riƙe asirin ɗakinta. Uwarta takan ƙara da cewa zo mu zauna, zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma sukan saɓa.

Sai lulluɓi. Zabarmawa suna da wani bargo na saƙar hannu mai launi iri-iri, sunansa tera-tera, daga sunan garin Tera da ke yammacin kogin Kwara. Da shi suke rufe amarya daren da za a kai ta. Kurfayawa kuwa suna so ɗiyarsu ta fita cikin zanen gidansu. Ga yadda tsofaffi sukan raba gardama: zanen uwarta a ciki, tera-tera na dangin miji a bisa. Haka amarya takan bar gida tana ɗauke da gida biyu a jikinta.

A da, bisa doki ko raƙumi ake kai amarya in garin yana da nisa. Yau mota ce. Ƙawaye suna waƙa, ana biye da kayan ɗakinta: gado, tabarmi, tukwane, kwanoni da ƙore.

A ƙofar gidan ango, mata suka tarbe ta suna cewa "Kubayni!", wato sannu da zuwa. Daga nan sunanta ya zama wayhiiji, ango kuma arhiiji. Aka zaunar da ita cikin ɗakinta. Ba ta cewa komai sai abokan ango sun ba ƙawayenta kuɗin sayen baki, kamar yadda Hausawa ke yi. Kowace amarya kunya ke rufe mata baki a wannan dare. Amma wannan amarya tana da dalili na biyu: ko da an sayi bakin, maganar da ake yi kewaye da ita ba duka take ji ba. Don haka akan bar mata ƙanwarta ko wata ƙawa ta taya ta zama.

Budurwa takan yi kwana 7 cikin ɗaki kafin ta fara aikin gida. Daga nan sai koyon harshe. Malamanta na farko su ne yaran gidan da matan da take gamuwa da su a rijiya. Takan fara da gaisuwa, "Fofo", sai sunayen kayan girki. In ta yi kuskure a yi dariya, ita ma ta yi. Kafin damina ta zagayo, sai a ji tana ciniki da Zabarmanci.

Ƴaƴanta za su tashi da harshe biyu. Suna da kakanni a Tondikandiya, suna da kawunnai a Kurfai. Za su yi wasan taubasantaka da ƴaƴan kawunnansu, wasan da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a shekarar 2014. In wata rana rigima ta tashi tsakanin garuruwan biyu a kan gona ko rijiya, irin waɗannan ƴaƴa ake aikawa, domin kowane gefe nasu ne.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙabilu ne ke zaune kusa da Kurfayawa?
2. Don me tsofaffin mata ke zama kafin ranar buki?
3. Wane abu ne bai bambanta ba tsakanin gidajen biyu?
4. Yaya aka raba gardamar lulluɓi?
5. Ku tambayi iyayenku yadda ake kai amarya a garinku, ku rubuta shi cikin layi 5.