Yadda Ake Shigo da Sabuwar Dabba Cikin Gida

A ƙasar Matameye, gidaje da yawa suna kiwon awaki, tumaki da kaji. Wani yakan sayo ragon layya a kasuwa. Wata takan sami jar akuyar Maraɗi daga ƙungiyarsu ta mata. Akasari da an iso gida sai a sake ta cikin sauran dabbobi. Wannan kuskure ne mai jawo hasara, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Me ya sa ake keɓe sabuwar dabba?

Kasuwa wuri ne da dabbobin garuruwa dabam-dabam suke cakuɗuwa. Dabba tana iya ɗaukar cuta a can, amma ba za a ga alama a jikinta ba sai bayan kwanaki.

Mafi haɗari ga awaki da tumaki ita ce annobar da likitoci suke kira PPR. An fara gano ta a ƙasar Kodebuwa a shekarar 1942. Alamominta su ne zazzaɓi, majina, kwantsa a ido, gyambo a baki, da zawo. Tana iya ɓoyewa a jiki har kwana 21, kuma tana iya kashe fiye da rabin garken da ba a yi wa rigakafi ba. Kaji kuwa, farin kashi ne ke share akurki, musamman da hunturu.

Matakan da za ku bi

1. Tun a kasuwa, ku duba ido, hanci, baki da ƙarƙashin wutsiya. Ku tambayi mai ita abincin da ta saba ci.

2. Ku kafa mata turke a inuwa, nesa da sauran, har kwana 21. Idan kaza ce, ku ba ta akurkinta dabam.

3. Ku ware mata kwanon ruwa da na dusa. Kullum ku fara ciyar da dabbobin gida, sannan baƙuwar, ku wanke hannu da sabulu.

4. Ku canja mata abinci kaɗan-kaɗan. Dabbar da ta saba da harawa, in aka cika ta da dusa ko hatsi rana ɗaya, cikinta yakan kumbura.

5. Ku kira ma'aikacin kiwo ya ba ta maganin tsutsar ciki da na kaska, ya yi mata allurar rigakafi. Allurar PPR guda ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara 3.

Ranar haɗawa

Awaki suna da babba da ƙarami a tsakaninsu, shi ya sa suke tunkuyin baƙuwa. Ku fara matso da turkenta inda za su ga juna, su shinshina, na kwana biyu ko uku. Sannan ku sake su a fili kuna tsaye, ku zuba abinci wuri biyu. Ku nisantar da akuya mai ciki daga faɗan, don kada ta yi ɓari. Sabuwar kaza kuwa, da dare ake sa ta cikin akurki, lokacin da sauran suka kwanta.

Idan baƙuwar ta kamu da ciwo kafin kwanakin su cika, kada ku mayar da ita kasuwa, domin cutar za ta shiga garken wani. Ku bar ta a turkenta, ku sanar da ma'aikacin kiwo nan da nan.