Horon Kare da Haƙƙin da ke Kan Mai Shi

A 'yan shekarun nan kiwon karnuka ya yawaita a biranenmu, musamman a unguwannin ma'aikata da gidajen 'yan kasuwa masu tsoron ɓarayi. Sai ka ga mutum ya sayi kwikwiyo da kuɗi masu yawa, ya ɗaure shi da sarƙa a bakin ƙofa dare da rana, ya ce ai ya sami maigadi. Kafin shekara ta zagayo karen ya zama bala'i: ya hana maƙwabta barci da haushi, ya yayyaga tufafin da aka shanya, in ya kuɓuce ya bi almajiri ko mai tallan nono da cizo. Daga nan sai a koma bugu, in an gaji a kai shi bayan gari a yar. To, kafin a kai ga haka, ya kamata Musulmi ya san abin da shari'a ta ce game da ajiye wannan dabba, da kuma nauyin da ya hau kansa tun ranar da ya ajiye ta.

Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ba, ba don kiwo ko tsaron gona ba, ana rage masa lada kowace rana. Ruwayar Abu Huraira ta ce ƙiraɗi ɗaya, ta Abdullahi ɗan Umar ta ce biyu. Tsaron gida kuwa malamai sun yi saɓani a kansa, amma Imam Nawawi ya rinjayar da halaccinsa idan akwai buƙata, bisa ƙiyasi da waɗancan ukun. Masu sharhin Risala ma suna ba da labarin marubucinta, Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira. Katangar gidansa ce ta faɗi a lokacin da babu aminci, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye.

Maganar tsarki gajeruwa ce. A mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai kuwa bauta ce da bin umurni. Shafi'awa suna ganinsa najasa. Saboda hadisin da ya nuna Mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare, sai a yi masa wurinsa daban, nesa da ɗakunan kwana da wurin salla.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, horon kare ilmi ne da Alƙur'ani ya ambata. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, ya kuma jingina wannan horo ga ilmin da shi ya sanar da ɗan Adam. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Adiyyu ɗan Hatim bayani: idan ya saki horarren karensa ya ambaci sunan Allah, ya ci abin da ya kamo, in ya tarar da wani kare tare da nasa, bai san wanda ya yi kamun ba, kada ya ci. Dubi bambancin da ilmi ya sa ko a tsakanin karnuka. Kamun horarre halal, kamun jahili mushe, alhali kuwa haƙoransu iri ɗaya ne.

Malaman fiƙihu sun faɗi alamun horarre: in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Hanafawa da Shafi'awa da Hambalawa sun ƙara da cewa kada ya ci daga abin da ya kamo, Imam Malik kuwa bai sa wannan sharaɗi ba. Duk alamun nan suna komawa ga abu ɗaya, watau karen ya san maigidansa, yana sauraronsa, yana kuma iya danne son ransa. Karen gadin da ba ya jin kira, ba ya jin hani, bai cika ko ɗaya ba.

Yaya ake kaiwa ga wannan? An daɗe ana cewa wai sai ka nuna wa kare ƙarfi, ka danne shi, sannan zai san kai ne shugaba. Asalin maganar wani bincike ne da Rudolf Schenkel ya buga a 1947 kan kyarketai da aka tsare a gidan namun daji na Basel. Wani masanin Amurka, David Mech, ya yaɗa ta a littafinsa na 1970, amma a 1999 shi da kansa ya bayyana cewa garken kyarketai a daji iyali ne, uwa da uba ke jagorantar 'ya'yansu ba tare da yaƙin mulki ba. Mafarautanmu na ƙauye ba su jira wannan bayani ba. Karensu yana biye da su ba igiya, domin su ke ba shi abinci, su ke fita da shi, kuma kiransu bai taɓa sauyawa ba.

Jagoranci ke nan a wurin kare. Kalma ɗaya ga umurni ɗaya, kowa a gidan ya yi amfani da ita. Abin da aka hana yau kada a bar shi gobe. In ya yi daidai a ba shi ɗan nama nan take, domin kare yana haɗa sakamako ne da abin da ya aikata a wannan lokacin. Wanda ya dawo daga ofis da yamma ya buge shi saboda takalmin da ya tauna da safe, tsoro kawai ya koya masa, kare matsoraci kuwa shi ne mai saurin cizo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: daga mako 3 zuwa wajen mako 12 na rayuwar kwikwiyo shi ne lokacin da yake saba wa mutane da awaki da ƙarar babur, in ya wuce sai an sha wahala.

Sai kuma motsa jiki. Yawancin haushin dare da tone-tone da taune-taune ƙarfi ne da ya taru bai sami mafita ba. Dabba ce da aka halitta domin gudu da shanshana, ɗaure ta wuni guda a rana azabtarwa ce. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba, da na mutumin da aka gafarta masa domin ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa. Ma'aikacin da ba shi da lokacin fita da karensa safe da yamma, bai kuma da wanda zai wakilta, ya fi masa alheri ya ɗauki maigadi ya ƙara tsawon katanga.

Akwai kuma haƙƙin jama'a, domin ɓarnar da karen da aka san yana cizo ya yi saboda sakacin mai shi, malamai sun ɗora masa lamuninta. Mafi munin ɓarnar ita ce ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafi tun yana da wata 3, a riƙa sabunta ta yadda likitan dabbobi ya tsara. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira alamun ciwon, domin in suka bayyana babu sauran magani.